Geron Bakin Hanya a Bayan Ɗa'ifa

Shekarun baya, tun filin jirgi yana cikin gari, jirage na bi ta kan rufinmu har kwanuka su yi ta kaɗawa, a shekarar da muka bar gidan katako muka kama ɗaki a unguwar Bani Malik ta Jidda, ina goyon 'yata ta biyu, mahaifiyata ta daina cin abinci.

Ba ciwo ba ne irin wanda ake nunawa da yatsa. Mun kai ta mustashfa, asibiti ke nan, daktur ya duba ya ce bai ga komai ba sai tsufa. Ni kuwa na san tsufa, wannan ba shi ba ne. Tun da mahaifina ya rasu take ta ja da baya. Na yi mata tuwo miyar kuka ta ture, na sayo ful da tamis, wake da gurasar Larabawa, ta ce a ba yara. Ni da duk unguwa aka san hannuna, har Larabawa ke aiko a yi musu waina, sai ga uwata na kawar da kai daga kwanona. Zoben hannunta ma ya fara zamewa.

Inna da ƙafa ta zo ƙasar nan. Ni a hanya aka haife ni, a Sudan, na yi wayo a Jidda. Abin da na sani game da shekara shi ne zafi, sai zafin da ya fi shi, sai lokacin alhazai. Wata rana ina mata fifita ta ce, "Ke, garin nan ba shi da kaka. Ta yaya mutum zai san shekara ta juyo?" Ba ta faɗin sunana, ni ce 'yar fari. Can kuma ta ce ita tumu take marmari.

Ban san tumu ba. Na tambayi ƙawata, ta ce gasasshen gero ne. Na ce halas, an gama, ɗan wannan? Na tafi kasuwar Bab Makka na auno gero mai kyau, na soya a kasko, na kawo ina taƙama. Inna ta leƙa kwanon ta ce abincin tantabaru na soya mata. Sannan ta yi mini bayani: sabon gero ne, a karyo zangarniyar a gona tun ƙwayar tana da ruwa, a ɗora a garwashi. To ina za a ga gona a Bani Malik?

Ƙawar tawa ce ta kawo dabara. Mijinta yana aikin lambun rumman a wani ƙauye can bayan Ɗa'ifa, ta ce mutanen wurin suna noman dawa da ɗan gero, kuma yanzu ne suke girbi. Maƙwabta suka ce tsohuwar ba za ta jure hanya ba. Na ce ɗakin ma ba jure shi take ba. Maigidana ya ari wanet ɗin kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, irin a-kori-kurar nan, muka sa Inna a gaba da matashi, ni da ƙawata a baya.

Kun san guzurin da na yi? Mafici biyu da tarmus cike da ƙanƙara.

Hanyar ta yi ta nannaɗewa a jikin dutse kamar igiya. Kunnuwana suka toshe. Birai zaune a bakin titi suna kallonmu kamar masu binciken iƙama, takardar zama. Na leƙa ƙasa na ga motoci sun koma tururuwa, na rufe ido ina salati. Kafin mu isa na naɗe jaririyata da zanen da na kawo don shimfiɗa, haƙorana na bugun juna, ƙanƙarata kuwa ko narkewa ba ta yi ba.

'Ya'yana, na ga ikon Allah a ƙauyen nan. Gidaje na dutse, an jera ba siminti. Gonaki hawa-hawa kamar matakala, kai ka ce wani ne ya yi niyyar taka su zuwa sama. Itatuwan rumman sun yi nauyi har an tokare rassansu da sanduna, wasu 'ya'yan sun tsage da kansu, jajayen ƙwayoyin na walƙiya. Mata a kan soraye suna shanya inabi ya zama zabibi. Ga ƙamshin ƙasa mai danshi, abin da hancina bai taɓa sani ba. Maza kuwa duk garin a gona ɗaya suke, suna yanka suna amsa wa juna waƙa. Ƙawata ta ce haka suke yi, yau gonar wannan, gobe ta wancan, mai gona ya yanka akuya a ci a faranti ɗaya, har a gama da kowa. Inna ta ɗago kai ta ce, "Gayya ce." Amma da aka kawo abinci, ruwa kawai ta kurɓa.

Washegari bayan asuba na buɗe ƙofa, na ga wani farin abu yana tahowa daga kwari. Ya haɗiye masallaci, ya haɗiye gidan maƙwabta, yana nufo mu. Na suri 'yata na fita ina ihun gobara, da Hausa da Larabci. Ƙawata ta fito ta riƙe ciki don dariya, ta ce in shaƙa in ji ko akwai ƙauri. Girgije ne. Girgijen da nake hangowa can sama, shi ne ya zo ya shafi fuskata da sanyi, ya jiƙa mini gira, ya wuce ni ya shiga ɗaki kamar ɗan gida. Na tsaya baki buɗe, ban san na daɗe ba.

Da na koma ciki, tabarmar Inna ba kowa.

Garin duk gangare ne, ga shi ko tafin hannunka da ƙyar kake gani. Muka bazu muna kira. Ina bin wata 'yar siririyar hanya sai farin ya yaye kamar an ja labule, na hango ta a gefen wata gona, tsaye da ƙafafunta, riƙe da zangarniyar gero biyu da ta karya. Daga sama kuma wani dattijo na saukowa da lauje a hannu.

Mu a Jidda an hore mu, baƙo ko dabino ya gani a ƙasa ba ya ɗauka. Inna kuma ba ta da takarda ko ta naɗe goro. Na ruga na sha gabanta, ina ba shi haƙuri da duk Larabcin da ke bakina, tsohuwa ce, ba ta da lafiya, ba ta sani ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya nuna layin geron da ke bin hanya da bakin laujensa.

"Ya binti, 'yata, haƙurin me? Wannan layin ba namu ba ne. Sabil ne."

Ya ce tun kakanninsu, layin bakin hanya ba a girbe shi, na mai wucewa ne da tsuntsu, haka ma reshen rumman da ya tsallake katanga. Na fassara wa Inna. Ta ce in gaya masa ai ta sani, a garinsu ma ba a hana matafiyi tumu, ni ce dai ban san komai ba.

Ya ƙwala wa matarsa kira ta kawo garwashi a kasko. Inna ta tsuguna, ta ɗora zangarniyar tana juyawa, ƙwayoyin na fashewa ƙas-ƙas. Ta murza a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta watsa a baki. Girgijen ya sauka ƙasa da mu, ya shimfiɗu a kwarin fari fat, mu muna samansa, rana na fitowa. Ta tauna, ta tauna, hawaye na bin kuncinta. Sai ta ce, "Geronsu gajere ne. Amma gero ne. Ke, karyo wani."

Da rana ta ci naman gayya. Da la'asar tana masussuka cikin matan garin tana sheƙa, ba ta jin yarensu, ba su jin nata, suna ta gardama da hannu kan inda iska ke kaɗawa. Ba mu sauko ba sai da aka gama girbi. Inna ta rayu har ta ga yarinyar nan da nake goyo ta sauke Alƙur'ani, kuma duk kaka sai mun hau.

Na sha ɗawafi, na tsaya Arfa ba sau ɗaya ba, na ga abin mamaki da yawa. Amma har yau in na tuna cewa wasu mutane a kan dutse, da ba su taɓa jin sunan garinsu Inna ba, sun yi ta bar mata layin gero tun kafin a haife ta, sai tsigar jikina ta tashi. Ni na yi ta dafa mata abin da na iya, ashe maganinta na tsaye a bakin hanya yana jira.

Inna ta tafi, maigidana ya bi ta, dattijon da matarsa ma Allah ya karɓi abinsa. Jaririyar ta yi jikoki. Ƙawata na nan a unguwar Madain Fahd, ta kurumce, amma in ta kira ni a waya ba ta sallama sai ta fara cewa gobara. Ɗan dattijon shi ke noma gonar yanzu, shi ma ya yi furfura. Bara da aka kai ni ban iya sauka daga mota ba, sai na ce a matsa da ni bakin hanya. An girbe ko'ina, layin nan na tsaye. Na miƙa hannu ta taga na karyo.