Kwaltar da ta bi ta gidan Malama

Ni na yi magana da yawun unguwa ranar da muka je roƙon Malama, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Malama maƙwabciyata ce a Badarawa, katanga ɗaya ta raba mu. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta koyar a firamare har ta yi ritaya, mijinta ya rasu ya bar mata gidan. Mutumin da muka zaɓa ya yi alkawarin zuba kwalta a layinmu, sai awo ya biyo ta tsakiyar gidanta. Babu wanda ya ce mata ga inda za ta koma. Ta kai ƙara, kotu ta ce kada a taɓa ginin sai an gama shari'a.

Mu kuwa damina ta gama wahalar da mu, mai naƙuda ma sai an ɗauko ta a hannu zuwa bakin titi. Sai muka yi abin da muka saba, dattawa shida muka sa manyan riguna muka yi mata sallama. A wurinmu, in dattawa suka tako da ƙafarsu, magana ta ƙare.

Na ce, "Malama, ki dubi girman mutanen nan ki janye ƙarar."

Ta ce, "Alhaji, na ga girmanku. To in na janye, ina zan kwana?"

Muka tashi da fushi, wai ta watsa mana ƙasa a ido. Da mutumin namu ya zo, ya hau kan mota ya tambaye mu ko alƙali ne ya zaɓe shi ko mu. Muka ce mu ne. Wallahi da bakina na faɗa, har da tafi.

Katafila ta iso da hantsi. Malama ta tsaya da takardar kotu a cikin leda tana miƙa wa duk wanda ya matso. Ta miƙo mini, na zura hannuwana a aljihu. Kafin azahar an gama. Ta koma wurin ƙanwarta a ƙetaren kogi ba tare da ta yi mana sallama ba, can ta rasu.

Titin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Bayan shekara biyu wani ma'aikacin kotu ya same ni a ƙofar gida, riƙe da ambulan. An yanke hukunci, gida nata ne, ba a yarda a rushe ba. Ya ce, "Baba, wanne ne gidan?"

Na nuna masa inda ya ajiye babur ɗinsa.