Makiyayin Fararen Ɓeraye

Alu mutumin Tondikandiya ne, makiyayi ɗan makiyayi. Farin da aka yi a zamanin mulkin soja ya cinye garkensa, ya kai ƴan shanun da suka rage kasuwar Baleyara, ya wuce Yamai. Ya yi dako, ya yi gadi, kafin a ɗauke shi kiwon fararen ɓeraye a wani ɗakin bincike. Da albashin nan yake aika wa iyalinsa hatsi.

Likita Dijatu, mai binciken, ta yi masa bayani. Akan yi wa ɓera allura, sai ƙwayoyin da ke kare jikinsa su juya su afka wa lakarsa. Wutsiya ta saki, ƙafafun baya su shanye. Daga baya ƙwayoyin nan sukan kashe kansu da kansu, kumburi ya sace, ɓera ya miƙe. Yadda ƙwayoyin suke mutuwa take son ta gane.

Alu ya gyaɗa kai. Amma a Tondikandiya ba a zuba wa dabba marar lafiya ido. Ya shiga jiƙa wa waɗanda suka kwanta kanwa da sassaƙen maɗaci, yana murza musu ƙafafu. Suka miƙe. Ya daɗe yana haka bai faɗa wa kowa ba, domin ba ya son yabon kai.

Ranar da ta iske shi da ƙoƙo a hannu, ta ce, "Baba Alu, mene ne wannan?"

"Magani, ɗiyata. Ke kina kwantar da su, ni ina tayarwa. Ai aiki ya rabu daidai."

"Na gaya maka da kansu suke warkewa!"

"Kin gaya mini. Na ɗauka hankalina kike kwantarwa."

Binciken duka ya lalace, tun da ba wanda ya san abin da jiƙon ya sauya a jikinsu. Ta ba shi zaɓi: ko ya ajiye ƙoƙo, ko ya ajiye aiki. Ya dubi kejin, ya tuna gida, ya ajiye ƙoƙo.

Da sababbin ɓeraye suka kwanta, ruwa zalla ya ba su, yana kau da kai. Su ma suka miƙe a kan lokaci, ba su nemi kowa ba.

Ya riƙe aikin har bayan soja sun koma bariki, har tsufa ya mayar da shi garinsu Damana. Idan aka tambaye shi labarin Yamai, cewa yake ɓera dabba ne marar godiya.