Muryar Tsohuwar Fammar

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron in faɗi abin da zai taɓa mutuncin wadda ta riga mu gidan gaskiya. Sai da ɗanta ya ce ya yarda sannan na zauna.

Sana'ata ɗaukar bidiyo a Rano, da wayar hannu. Ba ni da kayan manya. Safar jariri nake sa wa makirufo saboda iska. In fuska ta yi duhu, farin zanen gado ake riƙe mini a gefe ya maido haske. Wayar kuwa a kan sanduna nake ɗaure ta da roba, domin kada hoton ya motsa. Katin memori ɗaya gare ni. In na miƙa aiki sai in goge in shiga na gaba, kamar yadda duk ire-irena suke yi.

Da daminar bara wata ƙungiyar mata masu sayar da nono ta ce in yi mata bidiyon talla. Aka kai ni ruga a bayan Fammar, wajen wata tsohuwa da aka ce ba a kai ta iya fitar da man shanu ba.

Na ce, "Inna, ɗan ɗago kai."

Ta ce, "Kai Kaɗo, fuska ake sha ko nono? Ɗauki ƙwarya!"

Matan suka yi ta dariya. Don in gwada ko murya tana shiga, na tambaye ta wa yake yi mata kiwo. Ta ce, "Wancan." Ɗanta na fari take nufi. Kunyar ɗan fari gare ta irin ta mutanen da: ba ta kama sunansa, ba ta hira da shi. Ranar yana daji. Tana girgiza goran nono, kai a sunkuye, sai ta ci gaba ba wanda ya tambaye ta. Ta ce tun rasuwar ubansa wancan bai taɓa bari saniyarta ta kwana da yunwa ba. Daga nan ta juya Fulatanci, ta daɗe tana magana, matan suna saurare.

Ƙungiya gajere take so, da kiɗa a kai. Na yanke, na miƙa, na goge katin, na tafi ɗaukar walimar sauka a Rurum Tsohon Gari.

Bayan kaka tsohuwar ta rasu. Ranar kasuwa ɗan ya zo rumfata, dattijo mai furfura, ya jingine sandarsa.

"Malam, an ce tsohuwa ta yi maganata a wayarka."

Na kunna masa tallan. Hannuwanta, ƙwarya, kiɗa. Ya kalla har ƙarshe.

"Babu inda take magana?"

Na faɗa masa abin da na riƙe na Hausar. Na Fulatancin ban ji ba. Matan sun ba shi labari, amma ya ce kowacce da yadda take faɗa, shi daga bakinta yake so ya ji. Ya ce ba komai, ya yi mini godiya. Godiyar nan har yau ba ta bar ni ba.

Na kai katin wajen masu gyaran waya na Rano da na Kano ko za su dawo da abin da na goge, suka ce walimar ta hau kai. Tun daga nan ban sake ɗaukar komai da katin ba, na naɗe shi na ajiye. Shi kuma dattijon duk kasuwa yakan tsaya mu gaisa, ba ya tambaya.

Roƙona ga mai karatu: in akwai wanda ya san hanyar dawo da abin da aka goge aka ɗora wani a kai, ya taimaka. Kuma ina ganin kamar wata mata daga Unguwar Gai ta ɗaga waya tana ɗauka a ranar da tsohuwar ta yi maganar, ko da yake ban tabbata ba. Wanda ya san ta ya bar saƙo wajen masu cajin waya a kasuwar Rano. Ko muryar ba ta fita sosai, muna so.