Harsashin da Ba na Yayana Ba

Yayana maharbi ne, ni tela. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma tun tasowarmu shi daji ya ja shi, ni kuma keken ɗinki. Shagona yana bakin hanyar da ta nufi kan iyaka a Jibiya, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a sallame su zuwa Maraɗi. Shi kuwa yana zaune a gonar gadonmu ta wajen Mazanya da iyalinsa, da damina ya yi noma, da rani ya saɓi bindiga. A shekarun da nake magana dajin yankinmu bai zama abin tsoro ba tukuna. Mutum yana iya fita bayan asuba ya dawo kafin azahar da zabi biyu ko zomo a rataye.

Bindigarsa mai baki ɗaya ce, irin wadda ake karyawa a tsakiya a cusa mata jan kwanso. Ya sha wahala kafin ya sami takardarta, ya yi ta sintiri Katsina har takalminsa ya gaji. Saboda haka yana ji da ita, yana kuma ji da dokar da ta ba shi ita fiye da yadda ta cancanta. In ya shigo gari yakan zauna a bencin shagona ya yi ta bayani ko ban tambaye shi ba. Ya taɓa tsaga kwanso ɗaya da almakashina, ya zazzage mini a tafin hannu. Ƙananan ƙwayoyin dalma ne, wasu kamar gero, manyan cikinsu kamar dawa.

Ya ce, "Ka gani, Tela? Wanga watsuwa shikai. Na tsuntsu ne da zomo. In ya wuce jifan dutse sai dai ya yi wa dabba susa."

Akwai kuma wata irin bindiga, in ji shi, mai harsashi guda, dogo mai tsini, wanda ke fita yana juyawa. Kowace da faɗin bakinta, kowane baki da harsashinsa, ba ya shiga na wata. Irin wannan in aka harba ta a fili, harsashin yana iya wuce gari guda bai faɗi ba. Shi ya sa talaka ba ya samun izininta, wanda ya samu ma an hana shi harbi kusa da gonaki ko wurin kiwo. Ina jin sa ne kawai ina taka keke. Ban san akwai ranar da zan tsaya ina maimaita wannan karatun a gaban mutanen da ba sa son ji ba.

Wani rani sai ga wani attajiri daga birni, da abokansa biyu, a cikin farar mota mai buɗaɗɗen baya. Ba zan kira shi da komai ba sai Alhaji. Wani ma'aikacin kula da daji ne ya kawo su, shi ya ce musu in suna neman wanda ya san inda barewa ke shan ruwa, yayana za su nema. A ƙofar shagona suka tsaya tambayar hanya. Na ga bindigar a kujerar baya, kwance cikin jaka mai zif, an buɗe ta rabi. Doguwa ce, kotarta tana sheƙi, da madubin hange a kanta. Ni da bakina na kwatanta musu gidan. Har na ji daɗi, na ce yau Yaya zai sami alheri.

Abin da ya faru a dajin daga baya na ji shi, a bakin Yaya, sai da na matsa masa ƙwarai. Sun tarar da barewa a wani fili da hantsi. Bayan filin akwai fadama inda mutanen ƙauyen ke sakin shanunsu. Yaya ya ce wa Alhaji kada ya harba ta nan, su zagaya ta yadda tudu zai kasance a bayanta. Alhaji ya yi dariya ya ce ai da madubi ake aiki, ba da camfi ba. Ya harba, ya kuskure. Barewa ta tsere. Suka yini suna yawo, Yaya ya harbo musu zabi da tasa bindigar don kada su koma hannu rabbana, aka gasa a gindin wata ƙirya, ma'aikacin daji ya ci, kowa ya ci. Da la'asar suka sauke shi a ƙofar gida suka kama hanyar birni.

A can fadamar kuwa, tun da hantsi wani sa ya faɗi. Ɗaya ne daga cikin shanun huɗa biyu na wani tsoho, maƙwabcin gonarmu, wanda ya yi zamani da mahaifinmu. Babban ɗan tsohon da ke kusa ya ji ƙarar daga nesa, ya ga san ya durƙusa, ya yi sauri ya sa masa wuƙa kafin ya zama mushe. Babu wanda ya ga mota. Amma kowa ya san wa ke da bindiga a wannan yankin.

Washegari aka aiko mini cewa hukuma ta tafi da Yaya. Na bar rigar mutane a kan keke na hau babur. Na fara biyawa ta gidan tsohon, na tarar mahauci ya gama fiɗa. Ya nuna mini fatar. Huji ɗaya ne tak, wanda ƙaramin yatsa zai shiga, a bayan kafaɗa. Ya ce harsashin ya karya haƙarƙari ya ratsa huhu, sai a ƙashin ɗaya kafaɗar ya tsaya. Ya kwance bakin zanen da ya ɗaura ya miƙo mini shi. Abu ne mai launin jan ƙarfe, tsawonsa ya kai gaɓar yatsa, kansa ya lanƙwashe kamar hular da aka zauna a kai. Na riƙe shi cike da murna. Na ɗauka magana ta ƙare.

A ofishin da aka kai shi na tarar da Yaya zaune a ƙasa, an karɓe hularsa, bindigar tana jingine a bayan tebur. Jami'in da ke kan maganar mutum ne mai fara'a, yana shan shayi. Na gaishe shi, na ajiye harsashin a gabansa. Na roƙa aka ɗauko kwanso ɗaya daga jakar Yaya, na tsaga shi da reza kamar yadda na ga ana yi, dalma ta watsu a kan tebur tana gangarawa.

Na ce, "Yallaɓai, dubi wannan, dubi wannan. Bindigar da ke bayanka ba ta iya fitar da wancan. Da ita ta harbi san nan, da fatar ta yi kamar rariya, kuma da yanzu shina tsaye shina cin harawa."

Ya dube su kamar na zuba masa tsakuwa. Ya sa gefen hannu ya share dalmar zuwa ƙasa.

"Malam, kai mene ne sana'arka?"

"Ɗinki nake yi."

"To ka koma ka yi ɗinkinka. Harsashi harsashi ne. An ji ƙarar bindiga, sa ya mutu, ga mai bindiga."

Na ce a kira ma'aikacin daji, tunda aikinsa ne sanin wace bindiga aka yarda a shiga da ita daji, wace dabba aka hana taɓawa. Aka kira shi, ya zo da kakinsa a goge. Ya ɗauki harsashin ya juya shi. Na ga idonsa. Ya san shi, ya san lambarsa, ya san jakar da ya fito. Mutumin da jiya ya tsotse ƙashin zabon yayana ya ajiye shi a hankali ya ce shi ba zai iya cewa komai ba sai an aika da shi birni an auna. Ya ƙara da cewa maharban ƙauye suna da dabaru, wani lokaci sukan narka ƙarfe su cusa abin da suka ga dama.

Na juya wajen Yaya. Na ce, "Yaya, ka hwaɗi. Ka hwaɗi wa kuka fita da shi."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baƙi ne. Na ci abincinsu."

Ban taɓa jin haushin ɗan'uwana irin na wannan lokacin ba. Na ji kamar in ɗaga shi in girgiza. Su da suka ci nasa fa? Daga baya na gane ba kunya kaɗai ba ce. Ya dubi ma'aikacin daji, ya dubi jami'in, ya ga babu kunnen da zai karɓi sunan. Ya san in ya faɗa, zai ƙara wa kansa laifin raka mutum farautar barewa, wadda doka ta hana, shi kuwa Alhaji ko a mafarki ba za a taka ƙofarsa ba. Na gane wannan, amma ganewar ba ta rage mini komai ba. Ni na faɗi abin da na gani: farar mota, doguwar bindiga mai madubi. Jami'in ya tambaye ni lambar motar. Ban riƙe ba. Ya buɗe hannuwa ya yi murmushi, ya jawo aljihun tebur ya jefa harsashin a ciki. Tun daga ranar ban sake ganinsa ba, ban kuma ji an aika da shi ko'ina ba.

Aka ce a je a sasanta a gida. Sasantawar ita ce Yaya ya ba tsoho sa a madadin sa. Shi ma shanu biyu gare shi, waɗanda ya raina tun suna maruƙa. Bindiga kuma za ta zauna a ofis har a gama bincike.

Kafin a kai san na je wurin tsohon ni kaɗai. Na same shi a zaure yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, kai ma ka ga hujin nan. Ka san ba shi ba ne."

Bai daina tufka ba. Ya ce, "Na sani, ɗana. Tun shina yaro nike ganin harbinshi."

"To don mi za ka karɓa?"

Sai a nan ya ɗago. Ya ce, "Shi nike iya kamawa. Damina ta ƙarato. In na yafe, da mi zan yi huɗa? Ka kawo man mai motar in sakam ma yayanka."

Na so in zage shi, amma tsoho ne, kuma gaskiya ya faɗa, ita ce ma ta fi ƙona ni. Duk wanda ke cikin maganar nan ya san girman harsashin. Mahauci ya sani, ma'aikacin daji ya sani, jami'in ma ban yarda bai sani ba, mutumin da ke kwana da bindiga a kafaɗa. Babu jahili ko ɗaya. An dai auna wanda ya fi sauƙin taka wa wuya ne.

Yaya da kansa ya ja san zuwa gidan tsoho. Matarsa ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Ɗayan san ya yini yana kuka a turke.

Na yi ta zarya a kan bindigar. Yau a ce mai makullin ɗakin ajiya ya yi tafiya, gobe a ce an canja wa jami'in wurin aiki, wanda ya gaje shi bai san zancen ba. Takardar izinin ta ƙare a aljihun Yaya, aka ce ba a sabunta takarda sai an ga bindiga, ba a kuma fito da bindiga sai da takarda mai rai. Wata rana na ɗaga murya a wurin, aka nuna mini ƙofa, aka ce in na sake dawowa zan kwana. Yaya ya zo shago ya roƙe ni in bari.

Ya ce, "Tela, kana da iyali. Ka ƙyale su da Allah."

Na ce na ƙyale, amma ƙarya nake yi. Farar motar ta ci gaba da wucewa ta gaban shagona lokaci lokaci, tana nufar Maraɗi. A shingen bincike, masu babura da galan-galan na fetur a tsaye cikin rana ana zazzage musu kaya, tsofaffi mata ana kwance musu ƙullin gero, ita kuwa ko tsayawa sosai ba ta yi, gilashi kawai ake saukewa a ɗaga hannu. Sau ɗaya na tashi na fito bakin titi da almakashi a hannuna ban sani ba, sai da maƙwabcina mai shayi ya riƙe mini riga ya ce, "Ina za ka?" Na koma na zauna. Ranar na ɓata wa wani wuyan riga.

Da ruwa ya sauka na rufe shago na tafi Mazanya in taya Yaya aiki, don sa ɗaya ba ya jan garma. Mun fara da hauya, mu biyu da manyan 'ya'yansa, bayanmu kamar zai tsinke. A rana ta uku da safe sai ga ɗan tsohon ya koro shanu biyu da garma a kan amalanke. Ya ce Baba ya gama tasa huɗar, ya ce a kawo mana aro. Ɗaya daga cikinsu san Yaya ne. Da ya shigo gonar ya miƙe kai tsaye zuwa gindin gawon da aka saba ɗaure shi.

Yaya ya ajiye hauya, ya shafa masa wuya, ya ce wa saurayin, "Ka ce ma Baba mun gode, Allah shi saka da alheri." Har da durƙusawa, kamar tsohon yana wurin.

Na kama igiya na shiga gaba, shi ya riƙe garma a baya, muka yi ta kai da kawowa har rana ta take. Ya yi mini magana sau biyu a kan in daidaita layi, ban amsa ba.