Injiniyan Da Ya Rubuta Wa 'Yan Koyo

Ƙarfe bakwai na safe Injiniya yake buɗe ɗakin haɗa sauti na gidan rediyonmu. Ya goge tebur, ya bi wayoyi da yatsa, ya ce "ɗaya, biyu" a makirfo. Shekararsa talatin da ɗaya yana haka, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye aiki. Masu sauraro ko muryarsa ba su sani ba, balle fuskarsa.

Shekara huɗu da suka wuce muka koma amfani da wata manhajar gyaran sauti ta kyauta, irin wadda kowa ke da damar buɗe cikinta ya gyara. Manhajar ba ta da laifi, sai dai bayanin da ya zo da ita gwanaye ne suka rubuta wa gwanaye. Mai gabatar da shirin lafiya, wadda muke kira Anti, ta taɓa yin hirar awa guda da wani likita, da ta zo saurare sai ta ji shiru. Ashe sai an zaɓi makirfo a cikin manhajar, kuma ba inda aka faɗa. Ta fito idonta jawur.

Injiniya ya ja kujera ya ce, "Anti, sake yi ina kallo. Duk inda kika cije, ki gaya min."

Duk inda ta cije ya rubuta. Haka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, wata takwas, har ya haɗa ɗan littafi da Hausa. Kowane shafi sai ya kai gida ya gwada a kan matarsa, wadda tela ce.

"Malam, wannan 'fitar da fayil' ɗin fa," in ji ta, "ina zai fita? Tsakar gida?"

Ya soke, ya sake rubutawa. Da ya gama ya aika wa masu kula da manhajar, suka sa a shafinsu na intanet kyauta.

Bara aka yi masa aikin ido, ya yi mako uku a gida. A makon farko Anti ta yi hira da wata tsohuwar ungozoma mai shekara casa'in, bayan kwana biyu tsohuwar ta rasu. Anti ta kunna abin da ta ɗauko, ta tarar ƙarar janareta ta danne muryar. Ga shi kuma babu sauran sake ɗauka. Ta ɗauki waya za ta kira Injiniya, sai ta tuna likita ya hana shi kallon kwamfuta. Ta jawo littafin ta buɗe. Shafi na sha huɗu ya ce: "Kwantar da hankalinka. Fara da ajiye kwafi. Sannan nemo inda ba a magana, sai ƙarar kaɗai, ka nuna wa manhajar ita don ta cire ta."

Ta bi layi-layi. Da ta sake kunnawa, sai ga muryar tsohuwar tas, har da dariyarta. Anti ta kifa kai a kan tebur ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ranar da shirin ya fita, 'ya'yan marigayiyar suka zo neman kwafi.

Da Injiniya ya dawo ta ba shi labari, sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe zan iya tafiya hankalina kwance."

Kai ne gwanin da bai manta ranar da shi ma bai iya ba, Injiniya. Kai ne ba ka taɓa ce wa ɗan koyo "ai wannan mai sauƙi ne" ba. Mun gode, Allah ya ƙara lafiyar ido.

Ku kuma masu gina manhajoji da gwanayen amfani da su, ku zaunar da wanda bai iya ba, ku kalli inda yake cijewa, ku rubuta masa da harshen da yake ji.