Sakatar Yaya Ajidan

Ku da kuka san zauren yayana Ajidan Labo, kun san ba a shiga ba a ji ƙaras! ba. Tun ranar da ya tuɓe kakin soji da muƙamin ajidan ya dawo Dakoro, ba bindiga ba harsashi, sai ya mayar da sakatar ƙofa ita ce bindigarshi. Ya yanko roba daga tsohuwar tayar mota ya ɗaura mata, in ka ja ta baya ka saki, sai ta koma da kanta da ƙarfi. Wai haka kulas ke yi, wato ƙarfen nan da ake ja ya ɗauko harsashi ya cusa a bakin bindiga. Ni da ko lakwal, makarantar boko, ban gama ba, yau na san kulas kamar muciyata.

"Ja ta har ƙarshe, ka saki! Kada ka raka ta!" Karatun ke nan, safe da yamma.

Ranar da liman ya zo sunan jikata, ya riƙe sakatar a hankali don kada ta yi ƙara. Yaya ya ce, "Malam, ka raka ta. Da gaban abokan gaba ne, da harsashi ya maƙale, da yanzu mu muke ma salla." Liman ya sake ja, ya saki, ta kama mishi ɗan yatsa. Yana yarfe hannu yana salati, Yaya na cewa, "Madalla! Hakanan ake yi."

Abokin gardamarshi kuwa Garba ne, tsohon jandarma, maƙwabcinmu. Shi Garba ya ce in ka sa sabon sharjar, wato gidan harsashi, a ƙaramar bindiga pistole, ba sai ka ja komai ba, danna ɗan ƙarfen gefe da babban yatsa kawai, ya fi sauri. Yaya ya ce yatsa ɗaya ba abin amana ba ne, hannu duka ake sawa. Shekara da shekaru suna wannan a kan tabarma guda.

Wata ranar kasuwa Yaya ya sayo balangu mai kitse, abin da bai taɓa yi ba, mutumin da ke raba goro ɗaya kwana uku. Ya ajiye gaban Garba. Garba ya ci, ya ci, hannu ya yi sharkaf. Sai Yaya ya cilla mishi tocila, ya daka tsawa: "Ga su nan! Kunna!"

Yatsan Garba ya zame a kan maɓallin tocilar. Ya sake, ya zame.

"Shi ke nan, ka mutu, Garba. Allah jiƙanka."

"Kai Labo, kitse ne!"

"Can gumi ne da jini. Gawa ba ta gardama."

Wallahi washegari sai ga shi ƙofar gidan Garba yana yi wa matarshi ta'aziyya, shi kuwa mamacin na zaune yana shan koko. Mako guda in Garba ya gaishe shi, sai ya waiwayo ya ce mini, "Hadiza, kin ji wani motsi?"

Muna dariya, muna dariya, har Sanda ɗan Yaya ya shiga soji. Shi kaɗai ne namiji gare shi. Ranar da za a kai su daji muka raka shi tasha. Uwarshi na kuka, ni ina tura mishi ƙuli-ƙuli a jaka, kowa na addu'a. Yaya bai ce Allah kiyaye ba, bai ce ka yi salla ba. Ya kama hannun yaron ya jujjuya kamar mai tayin rago, ya ce, "Da wanga duka. Har ƙarshe. Ka saki." Ya juya ya tafi tun mota ba ta tashi ba. Na ce a raina, wannan mutum dutse ne.

In Sanda ya kira waya kuwa, ba gaisuwa.

"Da hannu ko da yatsa?"

"Baba, ina wuni dai."

"Na ce da hannu ko da yatsa?"

Ran nan ɗan banzan yaro, don tsokana, ya ce, "Da yatsa, Baba. Baba Garba ya fi ka gaskiya." Muna jin dariyarshi ta waya. Yaya ya kashe wayar, ya ture tuwo, ya ce in ya sake kira a ce ba ya nan.

Bai sake kira ba. Mako, wata, damina ta wuce. Aka je aka tambaya, aka ce a yi haƙuri, ana bincike. Ba gawa, ba labari.

Wata la'asar na iske Yaya ya ja sakatar har ƙarshe, ya ɗaure ta da igiya. Na ce, "Yaya, ƙofa fa?" Ya ce, "Shi za ya saki." Awakin unguwa suka gane hanya, suka riƙa shiga suna cin damman hatsi. Matarshi ta yi faɗa har ta gaji. Ya ce, "Su ci. In ya zo ya iske ƙofa rufe, za ya ce fushi nake."

Sai lokacin na gane ba dutse ba ne. Tsoro ne ya cika shi, kuma bai san wata hanyar faɗi ba sai ta kulas.

Bazarar bara ya kwanta, kwana huɗu ya cika. Ranar sadakar bakwai wani baƙo ya kai hannu zai kwance igiyar a rufe ƙofa. Garba, da ƙyar yake tashi yanzu, ya riƙe mishi hannu.

"Bar ta, ɗana. Tana da mai ita." Ya goge ido da hularshi. "Mutumin banza. Ya kashe ni da tocila, ya zo ya riga ni tahiya."

Igiyar na nan. Duk Juma'a nakan shafa wa robar man gyaɗa don kada rana ta tsinka ta. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta, ya yafe mishi taurin kai. Sanda kuwa, ya Allah, da hannu ne ko da yatsa, duk mun yarda. Ka dai maido mana shi ya zo ya saki sakatar ubanshi.