Lahadi Uku Babu Baba Makulli a Coci

Shekara talatin da ɗaya Baba Makulli ya yi yana buɗe coci yana rufewa, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganin ɗuwawunsa a kan benci. Ana waƙa yana tsaye a bakin ƙofa. Ana wa'azi yana baya yana lallashin fanka mai kuka. Ko cewa aka yi a rufe ido a yi addu'a, ɗaya yake rufewa, ɗayan yana kan taga.

Sunan ma a ƙugunsa ya samo shi. Makullai goma sha huɗu yake ratayawa, alhali ƙofofin cocin biyar ne. Sauran na kwaɗunan da suka mutu tuntuni ne, amma ya ce ba a yar da abin da ya yi wa Ubangiji hidima.

Maraya ya tashi, a gidan kawunsa. Ba a doke shi ba, ba a hana shi abinci ba. Sai dai tun yana ƙarami ya lura 'ya'yan gida suna ci ne don yunwa ta kama su, shi kuwa sai ya share tsakar gida tukuna hannunsa yake yarda ya shiga kwano. Ba wanda ya kafa masa dokar nan. Shi ya kafa wa kansa, ya girma da ita, ya shigo da ita coci kamar tabarmarsa.

To, gwiwa ba ta san hidima ba. Wata Asabar matan da suka zo koyon waƙa suka tarar da shi a maƙale kan tsani, ƙwan fitila a hannu, hawa ya gagara, sauka ta gagara. Da suka tambaye shi tun yaushe, ya ce yana dai duba rufi ne. Dattawan coci suka zauna suka ce Baba ya huta haka. Aka yi masa godiya a gaban jama'a, aka yi masa addu'a mai tsawo, aka miƙa makullai ga wani kafinta mai jini a jika. Baba ya ce na gode har sau uku, ya tafi gida ƙugunsa shiru.

Lahadi ta zo, ba shi. Ta biyu, ya aika wai gwiwa. Ta uku ko aiken bai yi ba.

Sai Auta ta zo. Auta 'yarsa ce, amma ba shi ya haife ta ba. 'Yar maƙwabciya ce da ta rasu ta bar ta tana shekara biyu, shi da marigayiya matarsa suka ɗauke ta. Yanzu tela ce, da nata 'ya'yan uku da baki kamar almakashi. Ta same shi a ɗaki yana goge rediyon da ya riga ya goge.

"Baba, ciwon gwiwa ne ko ciwon fushi?"

"Ba na fushi da kowa. An sallame ni. Wanda aka sallama daga aiki ba ya komawa ya miƙe ƙafa a falon mai gida."

"Wane mai gidan?"

Ya nuna sama da haɓa. "In je in zauna hannu rabbana? A matsayin wa?"

Auta ta dube shi, ta tashi ta fita, ta ja ƙofa. Baba ya zaci ta yi zuciya. Sai ya ji ana ƙwanƙwasawa.

"Masu gida! Akwai wanki ko shara?"

"Ke Auta, lafiyarki?"

Ta leƙo, ta durƙusa har ƙasa. "Ranka ya daɗe, ƙishirwa nake ji, amma ban yi aikin komai ba tukuna. A ba ni tsintsiya."

"Tashi ki shigo, ja'ira! Mutane na kallo."

"A matsayin wa? Ba kai ka haife ni ba. Ranar da ka ɗauko ni, wace sana'a na iya?"

"Fitsari a bayana," in ji Baba. "Kin ƙware kuwa."

"To shi ya sa ka ce ni 'yarka ce?"

"Kauce can. Ɗa ai ba don aiki ake..."

"Ƙarasa mana, Baba. Kai mai gwiwa ɗaya da rabi ka iya riƙe ɗa ba don amfaninsa ba, shi ne Allah zai kasa? Wanda ya ba da Ɗansa don ya mai da kai ɗan gida? Shekara talatin da ɗaya ana faɗin wannan a kunnenka."

Baba ya juya rediyo a hannu, ya sake juyawa. "Ƙarar fankar nan ce take hana ni ji sosai."

"Gobe ka zauna inda ake ji."

Da safe ya je, cikin rigar da Auta ta ɗinka masa. Ya tsaya a bakin ƙofa don sabo, ta tura shi ciki har benci na huɗu. Ashe bencin da ya yi ta gogewa haka yake da tauri! Hannuwansa suka rasa wurin zama, ya sa su a gwiwa, ya harɗe su, ya cusa su a aljihu. Iska ta buga taga, ya yunƙura, Auta ta ja shi da riga.

"Akwai mai yi."

Ya zauna. Fasto ya fara wa'azi, ba wanda ya tambayi Baba me ya kawo shi, ba wanda ya nemi ya ɗauko komai. Kafaɗunsa suka sauka a hankali. Kafin a kai rabi kansa ya karkata, minshari ya fara fita ƙasa-ƙasa.

Sama-sama ya ji takun matar da ke nuna wa mutane wurin zama, ta zo ta taɓa shi. Ya kuma ji Auta ta raɗa mata:

"Ƙyale shi, Mama. A gidan Ubansa yake."

Baba bai buɗe ido ba. Gyara kwanciyar wuya ya yi.